Hatimi Mai Cin Ƙwai

Duk ranar da aka kawo wa Injiniya shayi da soyayyen ƙwai, ya san akwai takarda. Ba ya ganin farantin, don shekara biyu ke nan da yanar ido ta rufe masa gani, amma hancinsa bai yi ritaya ba. Ƙamshin kan riga surukarsa shigowa ɗakin, sai ya gyara zama a bakin gado, ya laluba hularsa ya ɗora, ya ce a ransa, "To, yau ma an buɗe ofis."

"Baba, an tashi lafiya? Ya jikin?"

"Da sauƙi, 'yata. Guda nawa ne yau?"

"Kai Baba! Wato ba za a soya maka ƙwai ba sai da dalili?"

"Za a soya mana. Guda nawa ne?"

"Biyu ne kacal. Ya ce sauri ake yi."

Wanda ya ce sauri ake yi shi ne mijinta, babban ɗan Injiniya, wanda kowa a gidan ke kira Manaja tun ranar da ya bugo kati ya rubuta wa kansa wannan muƙami. Kwangilar haɗa wutar lantarki yake yi. Yana da mota, yana da ma'aikata, yana da bakin da zai sa mai gini ya yarda da shi kafin a gama gaisawa. Abu ɗaya ne ba shi da shi, shi ne karatun. Ga shi kuwa hukuma ba ta jona wa gini wuta sai an kai mata takardar shaida mai gurbi uku: na wanda ya yi zane, na wanda ya yi aiki, da na wanda ya duba aikin. Gurbi na biyu Manaja ke cikewa da kansa. Na uku akwai wani abokinsa da ke cike shi a cikin mota ba tare da ya kashe inji ba. Na farkon ne matsala, don sai injiniya mai rajista, mai hatimi, wanda zai sa hannu cewa ya lissafa nauyin wutar da ginin zai ja, ya zaɓi kaurin wayar da za ta ɗauka, kuma idan wani abu ya faru shi za a nema. Irin wannan injiniyan kuwa Allah ya ajiye wa Manaja guda ɗaya a gida, makaho, mai son ƙwai.

Yadda ake yi ba wuya. Surukar za ta ɗora takardar a kan faranti, ta kama yatsansa ta ajiye a bakin layi, ta ce, "Nan, Baba." Shi kuma ya ja biro. Daga nan ya sa hannu ƙarƙashin matashi ya ciro hatimin, ya hura masa iska kamar yadda ya saba tun yana aiki, ya danna. Bai taɓa yarda wani ya riƙe masa hatimin ba. Wai shi a dole har yanzu iko yana hannunsa.

Abin dariyar, a ofishin da ya yi shekara talatin da biyar, Sai-na-gani suke kiransa. Ko shugaba ne ya aiko da fayil, sai ya baje zanen a tebur, ya ɗauki fensir ya bi kowace waya da lissafi, in bai gamsu ba ya mayar. Yanzu ga Sai-na-gani yana sa hannu a abin da ko launin takardarsa bai sani ba.

Ba wai bai taɓa tambaya ba. Ranar farko ya tambaya.

"Wa ya yi zanen?"

"Naka ne, Baba," in ji Manaja. "A tsofaffin fayilolinka na ɗauko. Na duba na yaran zamani duka, wallahi babu wanda ya kama ƙafarka. Ɗan gyara kawai muke yi."

Nan take kan tsoho ya kumbura har hula ta yi masa kaɗan. Bai tambayi wane zane ba, bai tambayi wane gyara ba. Ya kwana uku yana ba surukarsa labarin yadda ake zane a da, ita kuma tana "ikon Allah" tana kwashe kwanuka.

Maganar ido kuwa, sau ɗaya aka kai shi asibiti, Manaja ya shiga ya gana da likita, ya fito ya ce, "Ya ce yanar ba ta nuna ba tukuna. Sai ta nuna ake cirewa." Bayan wata shida Injiniya ya sake tambaya, aka ce ba ta nuna ba. Bayan shekara aka ce likitan ya yi tafiya. Da likitan ya dawo, aka ce injin aikin ne ya lalace. Injiniya ya ce shi dai bai taɓa jin abin da ya kai yanarsa jinkirin nuna ba, da a bishiya take da tuni an sare bishiyar. Aka yi dariya, shi ma ya yi.

Duniyarsa ta yi ta tsukewa a hankali. Da farko ya daina fita bakin titi, bayan ya taka kwata har gwiwa. Sannan ya daina aske gemunsa da kansa. Ya faɗi a banɗaki ya fasa goshi, aka ce ai laifinsa ne da ba ya kira a kama shi, alhali ranar ya yi kira har muryarsa ta dishe. Daga baya aka ce ɗakinsa na gaba ya fi dacewa da ofis, tunda baƙi suna zuwa, aka mai da shi ɗakin baya, kusa da inda ake jibge kayan aiki.

"Sunanka ne fa a ƙofar ofishin, Baba," in ji Manaja. "Da manyan baƙaƙe."

"Madalla. To ka gaishe min da sunan, ka ce ina nan baya."

A ɗakin bayan ne ya fara sanin abin da bai so ya sani ba. Wata rana yana lalube zai fita ya sha iska, ƙafarsa ta sarƙe da wani naɗin waya. Ya sunkuya ya ɗauka. Yatsun da suka yi shekara talatin da biyar suna taɓa waya ba sa bukatar ido. Siririya ce, ga ta ba nauyi. Ya ɓare bakinta da haƙori, ya lanƙwasa sau biyu, ta karye. Jan ƙarfe na gaskiya ba ya yin haka. Wannan fenti kawai aka yi mata.

Da Manaja ya dawo ya miƙa masa guntun.

"Wannan ta mece ce?"

"Ta fitilu ce kawai, Baba. Ba a ɗora mata kaya."

"Ko fitila ba zan sa wa wannan ba."

"Zamani ya canza. Fitilun yanzu ba sa jan wuta irin naku na da. Kai dai ka huta, ka yi naka."

Sai ya huta. Washegari aka kawo ƙwai, ya ci, ya danna hatimi.

Injiniya yana da 'ya, autarsa, malamar makaranta ce a wata unguwa mai nisa, takan zo duk ƙarshen wata. Wannan karon zuwanta ya faɗo ranar ƙwai. Surukar ta ajiye takardu a kan gado, wayarta ta yi ƙara, ta fita amsawa. Auta ta ɗauka tana jujjuyawa.

"Baba, wannan fa?"

"Aikina ne. Kin zaci zaman banza nake yi? Karanta min in ji, na daɗe ban ji ana karanta zanena ba."

Ta karanta takardar shaidar. Gidan ɗinki ne, mai injuna ashirin, da dutsen guga shida, da injin sanyaya ɗaki guda biyu.

"To, babban aiki. Zanen fa? Duba ƙasa ta dama, akwai jerin kaya."

"Fitila shida. Fanka biyu. Soket huɗu."

"Juya shafi."

"Babu wani shafi, Baba. Shi ke nan."

Fitila shida, fanka biyu, soket huɗu. Ya san wannan jerin kamar yadda ya san sunayen 'ya'yansa. Wani ɗan kanti ne mai ɗaki biyu da ya zana wa wani mai sayar da littattafai shekara ashirin da suka wuce, mutumin da babban abin da yake kunnawa shi ne rediyo.

"Duba kusurwar sama. Akwai wurin da aka goge aka sake rubutu?"

"Akwai. An liƙa farar takarda a kai, aka yi hoto."

Wato ɗan gyaran ke nan. Zane ɗaya tal, ana canza masa suna kamar ɓarawon da ke canza gari. Kuma Manaja bai yi ƙarya ba, zanen Baba ne.

Da surukar ta dawo ta kama yatsansa, sai ya janye.

"Ki ce masa ya zo."

Manaja ya zo yana kaɗa makullin mota. Auta ta tashi za ta fita, ya ce mata, "Ke kika haɗa wannan, ko? Kin zo da karatunki."

"Yaya, cewa ya yi in karanta, na karanta."

"Ƙyale ta," in ji Injiniya. "Dutsen guga shida a kan zanen mai littattafai? Kana so ka gasa mutane?"

"Baba, zane takarda ce kawai, don fayil ake yi. Wa ke dubawa? A wurin aiki ni na san abin da nake sakawa."

"Na taɓa abin da kake sakawa."

"To kai ka zana min sabo mana! Ga fensir, ga takarda." Ya sassauta murya da ya ji abin da ya faɗa. "Ka yi haƙuri. Amma ka duba, in na kai wa wani injiniya, sai ya riƙe min aiki wata guda yana lissafi, mai gini ya tafi wurin wani. Mutum goma sha ɗaya ke ci a ƙarƙashina, ban da gidan nan. Kowa haka yake yi, Baba. Ni kaɗai za a ce in zama waliyyi?"

"Ba zan sa ba."

Ya faɗe ta da tsohuwar muryarsa ta ofis, har shi kansa ya ji daɗin jin ta. Auta ta tafi da yamma tana alfahari da ubanta.

Washegari shayi ya zo ba ƙwai. Wannan bai dame shi ba, har ya yi wa kansa kirari. Amma surukar ta ajiye kofin ba ta ce komai ba ta fita. Jikokinsa biyu mata, da kan shigo bayan makaranta su hau gadonsa su cika masa kunne, ranar ba su shigo ba. Ya ji muryarsu a tsakar gida, ya ji an ce, "Ku bar Kaka ya huta." Rana ta biyu batirin rediyonsa ya mutu, ya faɗa, aka ce to. Rana ta uku ya zauna tun safe har rana ta faɗi babu wanda ya ce masa sannu. Babu wanda ya zage shi, babu wanda ya hana shi abinci. Kawai dai an bar shi da duhunsa. Mai ido in an yi masa shiru sai ya kalli bango ko ya leƙa taga. Shi ba shi da bango, ba shi da taga, muryoyin nan su ne duk abin da ya rage masa, kuma ya ji tsoro irin wanda bai taɓa ji ba tun yana yaro.

Rana ta huɗu da ta kawo shayi ya ce, "'Yata."

"Na'am."

"Ya ce zai sa waya mai kauri a wurin gugar?"

"Ai tun ranar ya ce zai sa, Baba. Kai ne ba ka saurara ba."

Ya san ba a faɗa ba, ita ma ta san ya sani. Ya miƙa mata yatsa.

Da yamma jikoki suka dawo gadonsa, rediyo ya sami batir, har da nama a abincin. Yana ci yana lissafi, tunda lissafi ne sana'arsa: shekara talatin da biyar 'yan kwangila na zuwa da manyan alkawura yana korarsu, ashe ba su san farashinsa ba ne. Ƙwai biyu ne da sannu da jiki.

Wata huɗu bayan nan gidan ɗinkin ya kama wuta, da rana tsaka, ana tsakiyar aiki. Wayar ta narke a cikin silin, wuta ta faɗo kan tulin yadi. Babu wanda ya mutu, don mai wurin, wata mata da ta yi shekaru tana ɗinki kafin ta tara abin buɗe shi, ita ta kama ƙofar ƙarfe da ta yi jawur ta ja da hannu biyu har ma'aikatanta suka fita. Hannayen ne ba su fita lafiya ba. A rediyo Injiniya ya ji, ba a gida aka gaya masa ba. Ya kashe rediyon ya zauna yana murza yatsunsa. Ranar ko shayi bai iya haɗiya ba.

Sati bai cika ba takarda ta zo daga hukumar rajistar injiniyoyi, ana neman wanda ya sa hannu a gurbin zane ya bayyana gaban kwamiti. Abokin nan mai cike gurbi na uku a mota tuni ya kashe wayarsa. Manaja kuwa ya riga ya ba da amsarsa: shi ma'aikaci ne, abin da injiniya ya zana shi ya bi.

Sai ga ƙwai ya dawo, ba takarda. Manaja da kansa ya kawo, ya zauna a ƙasa kusa da ƙafar uban.

"Baba, abin mai sauƙi ne. Lauya ya ce kai ba za a yi maka komai ba. Tsoho ne kai, ga lalurar ido. Ka ce ka yi kuskure, fayil ya haɗe maka da wani, ba ka gani ba. Za su ji tausayi su rufe magana."

Surukar ta ce, "Na sayo maka baƙin tabarau. Da sanda. In sun yi tambaya ka riƙa cewa a maimaita."

"Wato in yi makaho."

"Ai makahon ne kai, Baba," in ji Manaja, "ba ƙarya za ka yi ba."

"Haka ne. Ku ba ku taɓa sa ni ƙarya ba."

Auta ta zo a daidai lokacin, ba ta jira ƙarshen wata ba. Lauya ya nemi a kawo katin asibiti don a nuna wa kwamiti, surukar ta ɗauko shi daga ofis ta ajiye a kan gado, Auta kuma ba ta iya ganin rubutu ta ƙyale. Ta karanta, ta sake karantawa.

"Yaya, mene ne wannan? An ba Baba ranar aiki. Ga ta nan a rubuce, da sa hannun likita. Wata ashirin da suka wuce!"

Surukar ce ta fara magana.

"Ai tsoro muka ji. Aikin ido a shekarunsa, in aka samu matsala fa? Mu za a zaga."

"Lokacin ayyuka sun yi min yawa," in ji Manaja. "Na ce bari a ɗan rage."

"Wata ashirin, Yaya?"

"Ke ba ki san komai ba! Kina zuwa sau ɗaya a wata da ledar lemo, mu ke ɗauke da shi. Kin san halinsa. In ya ga takarda sai ya ɗauki fensir, in ya ɗauki fensir aiki ya tsaya, in aiki ya tsaya ke za ki ciyar da gidan? Kuma da me aka rage shi? Ci ko sha?"

Injiniya ya zaci zai yi fushi, sai ya ji wani abu mai kama da dariya yana taso masa. Ashe duk wannan lokaci yana tausayin iyalinsa da suke fama da makaho, su kuwa makantar suke kiwo. Ya ɗaga hannu ya shafa idanunsa.

"To yanzu ta nuna?" ya ce.

"Baba, don Allah. A bari a gama zaman kwamitin nan. Da an gama, washegari zan kai ka da kaina. In aka yi yanzu, hujjarmu ta tafi."

"Ka ji. Har yanzu da sauran amfaninta."

Ranar zaman ya sa tabarau ɗin, ya riƙe sandar, don gaskiya yana bukatarta. Manaja ya kama shi ta dama, Auta ta hagu, suka hau bene. Ɗakin yana warin tsofaffin fayiloli, warin da ya fi kewa a duniya. Aka zaunar da shi. Da shugaban kwamitin ya yi magana, sai ya gane muryar. Wani ne da ya fara aiki a ƙarƙashinsa, wanda ya taɓa jefa wa fayil a ƙirji don ya sa hannu bai yi lissafi ba.

"Malam, barka da zuwa. Ba mu so muka taso ka ba. Mun ga katin asibiti. Duk wanda ke teburin nan ya san aikinka. Abin da muke so ka tabbatar mana kawai, ko lalurar ido ce ta sa takardu suka haɗe maka, ba ka san abin da ke ciki ba?"

Ga ƙofa an buɗe masa har bango. Ya ji Manaja ya ɗan matse masa gwiwar hannu. Daga can gefe kuma ya ji wata mata ta ce a hankali, "Ɗan ba ni ruwa," ya ji ƙarar kofi, ya ji tana sha a hannun wani. Bai bukaci a gaya masa ko wace ce ba.

Ya cire tabarau ya ajiye a tebur.

"Ranka ya daɗe, ido dai ba na gani, wannan gaskiya ne. Amma an karanta min."

"Baba!" in ji Manaja.

"An karanta min tun daga sama har ƙasa. Dutsen guga shida, soket huɗu. Na ce ba zan sa ba, na yi kwana uku ina jarumta, rana ta huɗu na sa. Kai ka san abin da na koya maka. Gurbin nan ba ya tambaya ko kana gani. Cewa yake ka duba ka yarda, in ba za ka iya dubawa ba ka ajiye biro. Ni ban ajiye ba."

"Malam, ka san abin da wannan magana ke nufi?"

"Ni na rubuta muku rabin dokar. Kuma ba wannan kaɗai ba ne. Zanen na wani kanti ne mai ɗaki biyu, kuma ina zaton shi ne a ƙarƙashin duk takardar da na sa wa hannu cikin shekara biyun nan. Ku buɗe fayilolinku, duk inda kuka ga hatimina ku aika a fasa silin a duba waya, tun yau. Akwai mutane a cikin gine-ginen nan." Ya laluba aljihu ya ciro hatimin. Hannunsa ya ɗan tsaya, don ya fi shekara talatin bai kwana nesa da shi ba. Sannan ya tura shi kan tebur. "Ga shi. Ba shi da laifi, ni ne nake danna shi."

Hannun da ke riƙe da gwiwarsa ta dama ya sake shi. Ya ji an tura kujera baya, ya ji takun takalmin da ya sani yana sauka daga bene da sauri. Ya juya wajen da ya ji muryar matar.

"Baiwar Allah, ban san da wane baki zan ba ki haƙuri ba."

Ta ce, "Ni da na ga hatimin injiniya a takardar, har addu'a na yi maka, Baba."

Aka soke rajistar Injiniya a ranar. Aka dakatar da Manaja, aka fara bin gine-gine ɗaya bayan ɗaya ana fasa silin. Da suka koma gida ba wanda ya buɗe musu ƙofa sai da Auta ta yi ta bugawa. Surukar ta ce ita ba ta taɓa ganin uban da ya kai ɗansa ya baro ba, bayan duk hidimar da aka yi masa, ƙwai nawa ta soya da hannunta. Manaja bai fito ba. Auta ta haɗa kayan uban a jaka ɗaya, jakar ma ba ta cika ba. Jikokin suna leƙe ta taga, aka ce su sauka.

Aikin idon bai kai rabin awa ba. Likitan ya ce tun tuni ya kamata a yi, ina kuka shiga? Injiniya ya ce suna jira ta nuna ne. Likitan bai gane ba, shi ma bai yi bayani ba.

Ranar da aka cire bandeji, a ɗakin Auta, ya ga labule, ya ga furfura a kan autarsa, wadda bai san ta fara ba. Ya kalli hannayensa. Sannan ya ce ta ɗauko masa kwafin takardar da kwamiti ya ba su.

"Baba, ka bari ka huta mana."

"Na huta shekara biyu. Kawo."

Akwai abin da yake fata, bai gaya wa kowa ba. Yana fatan ya ga sa hannun a karkace, ya fita daga layi, ya hau kan rubutu, yadda duk wanda ya kalla zai ce wannan aikin makaho ne, an yi masa wayo. Yana so ko da wannan ɗan abin ya samu ya riƙe.

Ya kawo takardar kusa da fuska. Ga gurbin farko. A sama an rubuta da ƙananan baƙaƙe cewa ni mai wannan suna na duba wannan zane, na lissafa, na gamsu, kuma na ɗauki alhakinsa. A ƙasa ga hannunsa, miƙe sambal a kan layi, da 'yar lanƙwasar da yake yi a ƙarshe tun yana saurayi, ko ɗigon rawa babu. Hatimin ya zauna daram a tsakiyar da'irarsa. Surukarsa ta iya ajiye yatsa.

"Yaya ka gani, Baba?" in ji Auta.

"Ya yi kyau," ya ce. "Duk aikina ban taɓa yin wanda ya kai shi kyau ba."

Ya ninke takardar ya sa ƙarƙashin matashi, inda hatimin yake kwana a da. Auta ta tambaye shi ko ta soya masa ƙwai, tunda bai karya ba.

"Shayin kawai," ya ce. "Kuma ki nemo min inda matar nan take zaune. Yanzu da nake gani, ba ni da hujjar ƙin ganin hannunta."